Jar giyar inabi mai bauri: da wane abinci take tafiya, kuma me ya sa?

"Oga kuku, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da na samu aikin sabis a ɗakin cin abinci na wani otal a Abuja. Ni ba na shan giya, amma baƙi sukan tambaye ni abin da za su ci da kwalbar da suka zaɓa. Abin da aka koya mana shi ne ja da jan nama, fara da kifi ko kaza. Makon jiya wani baƙo ya sayi Cabernet Sauvignon mai tsada, na ba shi shawarar tsire da yaji tunda naman sa ne. Ya kurɓa sau biyu ya ture kofin, ya ce ta lalace. Shugabanmu ya ɗanɗana ya ce lafiyarta lau. Ina kuskuren yake? Kuma yaya mutumin da ba ya sha zai gane wannan abu?"

Ɗana, na gode da tambayar. Abubuwa biyu ka tambaya: me ya sa naman sa bai ceci waccan kwalba ba, da kuma yadda za ka ba da shawara a kan abin da ba ka kai wa bakinka. Na biyun ya fi sauƙi, don haka bari in kwantar maka da hankali tun yanzu. Ba sai ka sha ba. Duk dalilin da ya hana ka, ka riƙe shi, kada wani ya ce maka aikin ba zai yiwu ba sai ka kurɓa. Ni ɗanɗanawa tana cikin aikina, na kuma shafe fiye da shekara ashirin a kicin ɗin otal, amma na yi aiki da masu sabis da ba su taɓa sha ba, suka fi masu shan iya ba baƙo shawara. Abin da ke cikin kwalbar nan da ke jawo rigima, harshenka ya san shi tun kana yaro.

Bauri

Ka taɓa gatsar ɗanyar kanya, ko ayabar da ba ta nuna ba? Ka tuna yadda bakinka ya bushe nan take, dasashi ya ɗaure, harshe ya yi kaushi kamar an shafa masa toka? Haka goro yake yi a taunar farko, haka shayin da aka manta a kan wuta. Wannan shi ne bauri, kuma sinadarin da ke kawo shi ana kiran sa tanin. Sunan ma daga sana'ar jima ya samo asali, domin a Turai da ɓawon itace mai wannan sinadari ake jeme fata. Majemanmu da bagaruwa suke yi. Abin da bagaruwa ke yi wa fatar akuya a majema, wato ta kama furotin ɗin da ke cikinta ta ɗaure shi, shi ne a ƙaramin mataki tanin yake yi a bakin mutum. Miyau yana ɗauke da furotin da ke sa baki santsi. Tanin ya shiga, ya kama su, ya dunƙule su, santsin ya tafi. Shi ya sa masana suke cewa bauri ya fi kusa da taɓawa fiye da ɗanɗano. Ɗaci a harshe ake jin sa, bauri kuwa ko'ina a baki, har cikin kumatu da bayan leɓe.

A inabi, tanin yana cikin fata da 'ya'ya da karan da ke riƙe da nonon. Farar giya ana matse ruwan a raba shi da fata tun da wuri. Ja kuwa ana barin ruwan da fata da 'ya'ya su ruɓa tare na kwanaki, wani lokaci makonni, daga nan launi da bauri suke fitowa. Sannan sau da yawa a zuba ta a gangar katakon wani itace da ake kira ok, wadda a yankin Bordeaux na Faransa take cin lita 225, katakon ma ya ƙara nasa. Inabin Cabernet Sauvignon ƙanana ne, fatarsu mai kauri, saboda haka fata da 'ya'ya sun yi yawa idan aka kwatanta da ruwan. Baƙonka ya sayi ɗaya daga cikin masu baurin gaske.

Dalilin da ya sa aka ce jan nama

Maiƙo da bauri kishiyoyi ne a baki. Kitse yana lulluɓe harshe ya sa shi santsi har ya gundure ka, bauri yana kankare santsin. Idan suka bi juna, loma ɗaya kurɓi ɗaya, kowanne yana rage wa ɗan'uwansa ƙarfi: naman ba ya ginsa, giyar ba ta ɗaure baki. A 2012 wasu masu bincike a Amurka sun gwada wannan da busasshen nama mai kitse, suka ba wasu ruwa tsakanin loma, wasu shayi. Masu shayin suka fi jin maiƙon ya wanke daga bakinsu. Duk wanda ya ci naman layya ya bi shi da shayi mai kauri na 'yar buta bai buƙaci a gaya masa ba. Haka Buzaye suke haɗa shayinsu da cuku.

Ka dubi wuraren da ake yin waɗannan giyoyi, za ka ga abincinsu ya taso tare da su. A Madiran da ke kudu maso yammacin Faransa ana shuka inabin Tannat, wanda baurinsa ya shahara, kuma abincin yankin agwagwa ce da ake dafawa a hankali cikin kitsenta, da wake da aka dafa da nama mai maiƙo. A Pauillac, cikin Bordeaux, gasasshen ɗan rago ne. A arewacin Italiya, inda ake yin giyar Barolo daga inabin Nebbiolo, sukan sulala naman sa na awanni a cikin giyar kanta. A Ajantina ana gasa haƙarƙarin sa a kan garwashi da gishiri kawai, a sha Malbec. A Yurugwai irin wannan gashin ne, amma da Tannat. Abin da ya haɗa su duka shi ne kitse, gishiri, da wuta ko doguwar dahuwa. Ka lura babu barkono mai zafi a cikinsu ko ɗaya.

Gishiri kuwa, mutane ba sa ba shi haƙƙinsa. Na sha gwada wannan da sababbin ma'aikata a bayan kicin. In gasa yanka biyu daga nama ɗaya, in barbaɗa wa ɗaya gishiri in bar ɗayan haka. Wanda ba gishiri, giyar takan zauna da kaushinta, kusan ba abin da ya canza. Mai gishirin kuwa, sai ka ga fuskar mai ɗanɗanawa ta saki, ya ce yanzu yana jin ƙanshin 'ya'yan itace. Gishiri yana danne ɗaci, kamar yadda uwa take sa ɗan gishiri a miyar shuwaka ta lafa. A ganina, rabin abin da ake yaba wa nama a wannan haɗi aikin gishiri ne. Shi ya sa tsohon cuku mai tauri da gishiri, irin Parmigiano na wata 24 ko tsohon Cheddar, yake zama da jar giya mai nauyi lafiya lau, alhali babu jan nama a wurin.

Abin da ya faru da tsiren

Yanzu mu koma teburinka. Tsire naman sa ne, gaskiya, amma dubi yadda aka yi shi. An fere naman siriri, yawanci tsoka ce zalla, an gasa shi har ya ƙafe. Kitsen da zai tare baurin kaɗan ne. Sannan ga yaji: barkono, citta, masoro, ƙuli-ƙuli, da dunƙulen ɗanɗano. Barkono shi ne babban mai laifi. Zafinsa yana taɓa jijiyoyin da ke jin ƙuna a baki, kuma barasa tana sa waɗannan jijiyoyi su ƙara saurin kamawa. Irin wannan Cabernet tana ɗauke da barasa kashi 13.5 zuwa 15 cikin ɗari. To ga baki yana raɗaɗi, ga barasa ta zuba masa fetur, ga tanin ya kwashe miyan da zai sanyaya shi. Abin da baƙon ya ji shi ne ƙuna da ɗaci da bushewa a lokaci ɗaya, ƙanshin da ya biya kuɗi dominsa kuwa ya ɓace. Bai yi ƙarya ba da ya ce ta lalace, a bakinsa haka take. Shugabanka ma bai yi ƙarya ba, shi bai ci tsiren ba.

Akwai kuma dunƙulen ɗanɗano da daddawa. Wannan daɗin da suke kawowa, irin na romo, yana sa giya mai bauri ta ƙara ɗaci idan babu isasshen gishiri da maiƙo da za su rufe. Haka naman kaza yake yi, wato laimar kwaɗi da ake ci, haka ƙwai.

Ni ma na taɓa faɗawa irin wannan. Shekarun baya a wani otal an ba mu liyafar mutum sittin, mai gayyar ya kawo katan-katan na jar giyar Shiraz daga Ostiraliya, ya ce a yi farfesun jelar sa. Na dafa shi yadda muke so a gida, da attaruhu sosai. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallon zauren, sai na ga kofuna a cike, ruwan sanyi ne kawai ke ƙarewa, mata suna fifita baki da takardar goge hannu. Da aka kwashe kwanuka, kwalabe fiye da rabi a buɗe suke ba a sha ba. Abin ya dame ni, domin jelar sa tana cikin naman da ya fi dacewa da irin wannan giya: ga kitse, ga yauƙin jijiya da ke narkewa bayan awa uku a wuta. Washegari na sake dafa ta da albasa, tumatir, tafarnuwa, kanumfari da ɗan masoro, na ajiye attaruhun daban a ƙaramin kwano. Muka gwada da ragowar kwalba ɗaya. Kamar ba ita ba. Tun daga ranar, duk abincin gida da za a ci da jar giya mai nauyi, yajinsa a gefe nake bayarwa.

Saboda haka idan baƙo yana son gashi irin namu da wannan kwalba, ka karkata shi zuwa balangu mai kitse ko gasasshen haƙarƙarin rago, gishiri da albasa, yaji a gefe. Hayaƙin garwashi da ɗan ƙonuwar gefen nama suna tafiya da ƙanshin gangar katako. Kilishi kuwa ka kauce masa, ya haɗa bushewa da barkono da ɗan zaƙi, duk ukun abokan gāba ne.

Sauran abubuwan da ke ɓata ta

Zaƙi. Duk abincin da ya fi giyar zaƙi zai bar ta tsirara, sai tsami da ɗaci. Ka tuna yadda lemo yake a baki bayan ka sha rake. Soyayyar ayaba da ta nuna lugub, miyar gashi mai sukari ko zuma, kek, duk suna yin haka. Mutane suna son haɗa jar giya da cakulan domin suna ganin hakan a talla, amma cakulan mai ɗaci shi ma yana da nasa tanin, mai zaƙin kuma ya fi ƙarfinta.

Ɗaci a kan ɗaci taruwa yake yi, ba ya kashe juna. Shuwaka, gauta, ɗanyen ganyen salak mai ɗaci, ka nisanta su da ita.

Kifi yana da nasa labarin. Mutane sun daɗe suna cewa jar giya tana sa kifi ƙarni, har a 2009 masu bincike a Japan suka nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin wasu giyoyi ne yake haɗuwa da man abincin teku ya fitar da wannan ƙarnin bayan haɗiya. Ban da haka, farin kifi mai laushi ba shi da nauyin da zai tsaya gaban Cabernet, sai ta shanye ɗanɗanonsa gaba ɗaya. A nan ƙa'idar da aka koya maka ta yi daidai.

Inda ta gaza shi ne kaza da abin da ba nama ba. Ƙirjin kaza da aka dafa da ruwa bai dace ba, amma cinyar agwagwa da fatarta ta dace ƙwarai. Baƙon da ba ya cin nama ma yana da mafita: gasasshen yalo da man zaitun da gishiri, wake da aka dafa da mai sosai, taliya da miyar tumatir da aka daɗe ana soyawa aka barbaɗa mata tsohon cuku. Ka daina kallon launin nama. Ka tambayi kanka abu huɗu a kan kowane kwano: yana da maiƙo, gishirinsa ya ji, akwai barkono, akwai zaƙi. Biyun farko suna taimako, biyun ƙarshe suna ɓarna.

Wani abin da ya shafi baƙinmu na gida: da yawa suna son nama ya gasu ƙwarai, ba ja ko kaɗan a ciki. Haƙƙinsu ne, kada ka yi musu da su. Sai dai nama in ya gasu haka ya zubar da ruwa da kitse, don haka ka roƙi kicin su haɗa masa da miya mai bota ko romon ƙashi da aka ƙafar, ko ka ba shi shawarar yankan da ke da zanen kitse a cikin tsoka, irin na wajen haƙarƙari.

Sanin kwalbar da ke hannunka

Ba kowace ja ce mai bauri ba, kuma duhun launi ba ya nuna shi kullum. Nebbiolo launinta fayau ne, kana iya hango yatsanka ta cikin kofi, amma tana cikin mafiya ɗaure baki. Dokar Barolo ma ta ce sai ta yi aƙalla wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a katako, don ta lafa. Sunayen da za ka riƙe a matsayin masu nauyi su ne Cabernet Sauvignon, Tannat, Nebbiolo, Syrah wadda ake kira Shiraz, Aglianico da Sagrantino, sai Malbec da Pinotage ta Afirka ta Kudu a bayansu kaɗan. Kwalaben Faransa da Italiya sau da yawa sunan wurin da aka yi su suke ɗauka, ba na inabi ba, saboda haka in ka ga Médoc, Pauillac, Madiran, Cahors, Hermitage, Barolo ko Barbaresco, ka san da mai nauyi kake. Pinot Noir da Beaujolais marasa nauyi ne, su ne za ka miƙa wa mai son ja amma ya nace sai ya ci yaji, ka kuma ɗan sanyaya su.

Ka duba shekarar da ke jikin kwalbar. Sabuwa, 'yar shekara biyu ko uku, baurinta a tsaye yake, tana son kitse da gashi. Wadda ta haura shekara goma sha biyar ta yi laushi, ƙanshinta ya zama mai rauni, abinci mai hayaniya zai binne ta. Ita sai nama mai sauƙin haɗi, gishiri da romonsa kawai.

Sai zafin kwalba, wanda a ƙasarmu shi ne kuskuren da na fi gani. Littattafai suna cewa a sha ja a yanayin ɗaki, amma ɗakin Turai suke nufi, wato digiri 16 zuwa 18. Kwalbar da ta wuni a kanta cikin zafin Maris ta kusa digiri 30, barasarta ce za ta fara dukan hanci. Ka sa ta a firij har ta sauko zuwa wancan yanayin. Kada kuma ta yi sanyi ƙarara, domin sanyi yana fito da baurin ya ɓoye ƙanshi. Idan sabuwa ce mai ƙarfi, juye ta a tulun gilashi kamar awa ɗaya kafin abinci yana buɗe ƙanshinta. Ina zargin kwalbar baƙonka ma da ɗumi ta zo teburin, ka bincika inda kuke ajiye su.

Gwajin da za ka yi da kanka

Ka samu ganyen shayi baƙi, jaka uku a kofi ɗaya, ka bar shi minti goma, ba sukari ba madara, ya huce. Ka jera ƙananan faranti: tsokar nama ba gishiri, nama mai kitse da gishiri, tsire da yaji, yankan cuku, soyayyar ayaba, gauta, ɗan kifi. Ka kurɓi shayin shi kaɗai tukuna, ka juya shi a baki, ka shafa harshe a bayan haƙoranka na sama ka ji kaushin. Sannan loma ɗaya, kurɓi ɗaya, kana kurkure baki da ruwa tsakani. Ka rubuta abin da ka ji. A ƙarshe ka ɗiga madara a ragowar shayin ka ga yadda baurin ya kwanta, domin furotin ɗin madara ya kama tanin kafin ya kai ga miyanka. Cikin rabin awa za ka fahimci abin da wasu suke haddacewa shekara ba su gane ba.

Gwajin yana da iyaka. Shayi ba shi da barasa, ba shi da tsamin inabi, don haka faɗan barkono da giya zai zo maka da sauƙi fiye da yadda baƙo yake jin sa, ƙarnin kifin ma ba lallai ya fito ba. Sannan bakuna sun bambanta. Yawan miyau da saurin jin ɗaci ba ɗaya ba ne tsakanin mutane, kuma wanda ya tashi da attaruhu tun yaye ba zai ji ƙunar da Bature zai ji ba. Na san baƙi da suke cin tsire da Shiraz suna jin daɗinsu, har su ce zafin ne suke nema. Irin wannan ba ka da abin gyara masa. Aikinka ka faɗi abin da zai iya faruwa kafin ya faru, zaɓi nasa ne.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka taɓa ce wa baƙo jar giya maganin zuciya ce don ka sayar da kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Kuma a tebur ɗaya za ka samu wanda ba ya sha kamarka, shi ma yana cin haƙarƙarin nan mai kitse, shi ma bakinsa yana buƙatar abin da zai wanke maiƙon. Ka kawo masa baƙin shayi mai sanyi da lemon tsami, ko ruwan rumman wanda yake da nasa baurin, ko zoɓo da ba a cika wa sukari ba, a kofi mai kyau irin na kowa.

In baƙon nan ya dawo, ka same shi kafin ya zaɓa. Ka ce masa, ranka ya daɗe, wancan karon yajin tsiren ne ya yi faɗa da kwalbarka, yau in ka yarda a kawo maka haƙarƙarin rago, yajin a gefe, ka fara loma biyu ba tare da shi ba. Sannan ka sa kwalbar a firij tun yana duba takardar abinci.